Likita Ya Duba Hannun Kawu, Amma Tunaninsa Fa?

Watanni huɗu da suka wuce na raka kawuna asibiti, kamar yadda na saba tun da aka tabbatar mana cewa rawar da hannunsa na dama ke yi cutar Parkinson ce, wadda mutanenmu ke kira karkarwa ko makyarkyata. Likita ya karɓe mu da mutunci. Ya sa Kawu ya miƙe daga kujera ba tare da ya dafa komai ba, ya sa shi ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu don ya ji ko ta sage, sannan ya jawo takarda ya fara rubuta magani.

A nan ne matar Kawu, wadda ba ta cika magana a gaban maza ba, ta gyara mayafinta ta ce: "Likita, Alhaji fa yanzu lissafi yana kuɓuce masa, kuma da magariba sai ya ce ga yara nan zaune a bakin gado, alhali babu kowa a ɗakin." Likita ya ci gaba da rubutu, ya ce: "Hajiya, sai haƙuri, tsufa ne." Muka karɓi takarda muka fito, domin benci cike yake da masu jiran layi.

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Kawu shekarunsa 68, ya yi shekara arba'in yana sayar da atamfa da shadda, kuma mutum ne da a da yake riƙe bashin dillalai goma a kansa ba tare da ya buɗe littafi ba. Yayansa, wanda ya girme shi da shekara bakwai, har gobe shi ne ke fitar wa dangi lissafin zakka. Idan tsufa ne, me ya sa ya tsallake babba ya kama ƙarami?

Ra'ayina shi ne, duk wanda aka tabbatar yana da cutar karkarwa ya cancanci a auna tunaninsa a ranar da aka gano cutar, sannan a maimaita awon aƙalla sau ɗaya a shekara, da harshen da yake ji, da tambayoyin da suka dace da rayuwarsa, kuma a saurari wanda ke kwana da tashi da shi. Mun karɓi awon ciki ga mai juna biyu, mun karɓi awon jini ga mai hawan jini, har ya zama ba a rubuta masa magani sai an ɗaura masa abin awo a dantse. Ban ga dalilin da zai sa ƙwaƙwalwa, wadda ita ce mazaunin wannan cuta, ta zama ita kaɗai ce ake barin ta sai iyali sun kawo kuka ba.

Abin da cutar ke yi bayan rawar hannu

A shekarar 1817 ne wani likita a Landan mai suna James Parkinson ya fara bayanin wannan cuta dalla-dalla, bisa mutum shida da ya lura da su, waɗanda uku daga cikinsu a kan titi kawai ya gan su. A cikin bayaninsa ya rubuta cewa cutar ba ta taɓa hankalin mutum. Wannan kuskure ne da za a yi masa uzuri a kai, domin bai bi sawun mutanen har ƙarshen rayuwarsu ba, amma kuskuren ya yi tsawon rai fiye da kima. Yawancinmu abin da muka sani game da cutar shi ne abin da duniya ta gani a 1996, lokacin da Muhammad Ali ya riƙe wutar buɗe gasar Olamfik a Atlanta hannunsa yana rawa. Ido yana ganin rawar, sai a ɗauka ita ce cutar gaba ɗayanta.

Asalin matsalar shi ne mutuwar wasu ƙwayoyin halitta a can cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke samar da sinadarin dofamin mai daidaita motsi. Amma lalacewar tana yaɗuwa a hankali zuwa sassan da ke kula da natsuwa da tsara aiki da gane abin da ido ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke ɗauke da cutar, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. A birnin Sydney na Ostareliya an bi sawun marasa lafiya 136 har tsawon shekara 20, sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna cewa 83 cikin ɗari na waɗanda suka rage da rai sun kamu da cutar mantuwa mai tsanani. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2024 ya sassauta wannan hoto, ya nuna cewa abin yakan zo a makare fiye da yadda ake zato, kuma wannan albishir ne. A nan gida kuwa, likitoci a Ibadan sun auna masu cutar a 2008, suka samu kusan ɗaya cikin biyar yana da raunin tunani, adadin da ya ninka na tsararrakinsu masu lafiya sau da yawa.

Raunin kuma yana da kamanninsa, waɗanda suka bambanta da na cutar Alzheimer da aka fi ji a rediyo. Mai karkarwa ba ya fara da manta sunan 'ya'yansa. Abin da ke fara kuɓuce masa shi ne jerin aiki. Zai wanke fuska a alwala ya tsaya yana neman abin da ke biye, zai rasa ko raka'a ta biyu yake ko ta uku har ƙabli da ba'adi su zame masa na kullum, zai riƙe dubu biyar a hannu ya kasa fitar da canjin dubu uku da ɗari biyu. Mace za ta ɗora tukunya ta manta ko ta sa gishiri, ko ta yi talge kafin ruwa ya tafasa. Sau da yawa idan aka ɗan tuna masa bakin zaren sai ya kama, kuma da safe yana iya zama garau da yamma ya rikice. Wannan hawa da sauka ne ke sa iyali su ce da gangan yake yi, su fara yi masa faɗa.

"Ai tsufa ne, kuma ƙaddara ce"

Wannan ita ce magana ta farko da ake tare ni da ita, kuma masu faɗinta ba mugunta ke sa su ba. Muna da kalmar gigin tsufa, kuma mun saba ɗaukarsa a matsayin abin da ke jiran duk wanda Allah Ya ja kwanansa. Amma binciken da aka yi a kan dattawa a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya samu ƙasa da uku cikin ɗari ne ke da cutar mantuwa. Sauran suna nan da hankalinsu, suna sasanta rigingimun aure, suna ba da tarihin unguwa. Ayar da ake yawan kawowa a Suratun Nahli ma cewa ta yi daga cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa, ba ta ce kowa ba.

Akwai kuma abin da ke sa kalmar tsufa ta fi yi mini nauyi a bakin likita. Hadisin da ya umurce mu da neman magani ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, in ban da guda ɗaya, wato tsufa. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe abin da ke damun mahaifinsa tsufa ne, an gaya masa ne a fakaice cewa ya daina nema. Hajiya ta fito daga ɗakin likitan nan ta rufe maganar a ranta, kuma da ban matsa ba da ba za ta sake tayar da ita ba. Ƙaddara gaskiya ce, rawar hannun ma ƙaddara ce, amma ba mu bar ta ba magani ba.

"Tunda ba a warkewa, me ya sa za a tsorata mutum?"

Wannan ita ce hujjar da na fi jin ta daga bakin masu ilimi, har da wasu ma'aikatan lafiya. Gaskiya ne cewa har yau babu maganin da ke tsayar da cutar karkarwa ko ya mayar da abin da ta cinye. Amma hujjar ta ginu ne a kan zaton cewa duk ruɗewar da aka gani a mai cutar daga cutar take, kuma wannan zato shi ne ya kusa cutar da Kawu.

Bayan mun dawo gida na ce wa Hajiya ta fito mini da duk abin da yake sha. A cikin ledar akwai lebodofa, wadda ita ce uwar magungunan wannan cuta tun ƙarshen shekarun 1960. Akwai kuma wata 'yar farar ƙwaya da aka rubuta masa tun farkon ciwon, wadda ya ci gaba da saye a kemis ɗin unguwa, har ya ƙara yawanta da kansa a watannin da kuɗin lebodofa ya gagara, domin tana da araha kuma tana rage rawar hannu. Sunanta benzekzol, wasu sun san ta da Artane, kuma ita ce ƙwayar nan da ake kira Exol wadda hukumar NDLEA ke yawan kamawa a hannun matasa. Matasan suna shan ta ne saboda tana juya kai. Aikinta a jiki shi ne toshe wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata don natsuwa da riƙe abu, kuma wanda dama yake ƙaranci a kan mai cutar karkarwa da tunaninsa ya fara rauni. Likitoci sun daɗe da sanin cewa tana jawo wa tsofaffi mantuwa da ruɗewa da gane-gane, ga bushewar baki da taurin bayan gida da riƙewar fitsari.

Ba a gidanmu kaɗai wannan ke faruwa ba. Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta sun bincika shagunan magani a faɗin Najeriya, suka nuna cewa lebodofa ba ta samuwa yadda ya kamata, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Inda magani mai kyau ya yi tsada, mai araha ne ke cike gurbinsa. Wannan yana nufin cewa a ƙasarmu, fiye da ƙasashen da suka rubuta littattafan likitanci, akwai dattawa masu yawa da ake yi wa kallon masu gigin tsufa alhali ƙwaya ce ke gigita su. Ba za a gano su ba sai an tambaya.

Ba ita kaɗai ba ce. Cutar mafitsara tana iya rikita tsoho cikin kwana biyu, haka ƙarancin ruwa a jiki a watannin bazara, haka taurin bayan gida na kwanaki, wanda yawancin masu karkarwa ke fama da shi. Ƙarancin bitamin B12, da faɗuwar jini idan mutum ya miƙe tsaye, da rashin barci, da ciwon damuwa, da magungunan mura masu sa barci, kowannensu yana iya dusashe tunani, kuma kowannensu yana da gyara. Wasu daga cikin magungunan karkarwa na zamani kuma suna iya sa mutum mai kamun kai ya fara ɓarnar kuɗi ko caca ko yawan sha'awa, iyali su ɗauka halinsa ne ya lalace.

Sai kuma haɗarin da ke ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. Idan tsoho ya fara cewa yana ganin yara a ɗaki ko mutum tsaye a bayansa, a wurinmu abu biyu ne ke biyo baya. Ko a ce iska ce ko sammu, a shiga ruƙiyya da hayaƙi, ko kuma a ce taɓin hankali ne, a kai shi inda za a yi masa allurar kwantar da masu tada hankali. Addu'a ba ta cutar da kowa, kuma mu ma mun yi. Amma magunguna irin su haloferidol da Largactil suna toshe dofamin ɗin da dama ya yi ƙaranci, suna iya sandarar da mai karkarwa ya kasa tashi, ya kasa haɗiya, har abin ya kai ga rasa rai. Idan kuwa tsohuwa ce mara gata take surutai da dare, kowa ya san irin sunan da ake iya laƙaba mata a wasu ƙauyukanmu. Takarda ɗaya da ke cewa wannan mai cutar karkarwa ne, gane-ganensa daga cutar ne ko daga magani, tana iya tsare mutum daga duka waɗannan.

Ko da an tabbatar cewa raunin daga cutar kanta yake, ba a rasa abin yi ba. Akwai magani mai suna ribastigmin, wanda babban gwajin da aka wallafa a 2004 a kan mutum 541 ya nuna yana ɗan ƙara natsuwa. Amfaninsa matsakaici ne, yana iya sa tashin zuciya ko ƙara rawar hannu, kuma ba kowa ke iya sayensa ba, don haka ba a kansa na kafa hujjata ba. Na kafa ta ne a kan abubuwan da ba sa buƙatar kuɗi: a san wanda zai riƙa ba shi magani a kan lokaci don kada ya sha sau biyu ko ya tsallake, a san ko ya kamata ya ci gaba da hawa babur zuwa kasuwa, a san ko za a bar ta ita kaɗai da tukunyar gas, a tambayi malamai da likita game da azuminsa, a kula da wayarsa kafin 'yan damfara su kira shi su karɓi lambar sirrin asusunsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gara iyali su riga ƙadangaren sanin inda tsagar take.

"Gwajin na Turawa ne"

Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda da rabinta. Gwajin da likitocin duniya suka fi amincewa da shi ga masu karkarwa shi ne MoCA, wanda Dakta Ziad Nasreddine ya tsara a Montreal ta Kanada aka wallafa shi a 2005. Yana ɗaukar kamar minti goma, makinsa 30, kuma ana ɗaukar 26 zuwa sama a matsayin lafiya. Ya fi tsohon gwajin MMSE na 1975 kama irin raunin da karkarwa ke kawowa, domin yana auna tsara aiki da natsuwa.

Amma a duba abin da ke cikinsa. Ana ba mutum biro a ce ya ja layi daga 1 zuwa A, daga A zuwa 2, daga 2 zuwa B. Ana ce masa ya kwaikwayi zanen akwati mai nuna kusurwoyinsa, ya zana agogon bango ya sa hannuwansa a kan ƙarfe sha ɗaya da minti goma. Ana nuna masa hoton zaki da karkanda da raƙumi ya faɗi sunayensu. A asalin takardar ta Turanci, kalmomi biyar da ake so ya riƙe sun haɗa da karammiski da sunan wani fure da ba ya tsiro a ƙasarmu. Ana tambayarsa kwanan wata da shekara.

Yanzu a kawo manomi daga gefen Maigatari wanda ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami daga dama zuwa hagu, bai taɓa zama a aji ba. Zai gane raƙumi tun kafin a gama nuna masa, amma karkanda sai dai a tatsuniya. Lokaci a wurinsa hantsi ne da azahar da la'asar sakaliya. Ya san yau sha biyu ga watan Rajab, ya san gobe Alhamis kasuwa ke ci, amma ba lallai ya san kwanan watan Bature ba. Ga hannu yana rawa an ba shi biro. Wannan mutum zai faɗi gwajin alhali kansa ya fi na mai gwada shi kaifi, kuma maki ɗaya da ake ƙara wa wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba ba zai cike wannan rami ba. A irin wannan hali, wanda ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi yana da gaskiya.

Inda na rabu da shi shi ne, ba muguwar rawar kaɗai ake da ita ba, kuma wani sashe na gyaran a ƙasar nan aka yi shi. Tun farkon shekarun 1990 masu bincike na Ibadan da na Indianapolis ta Amurka suka yi aiki da gwajin da ake kira CSI-D, wanda aka tsara don al'ummomin da karatun boko bai yawaita ba, kuma wanda rabinsa hira ce da ɗan'uwan mara lafiya. A Ibadan ɗin ne Farfesa Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka fito da gwajin tsinken ashana a 2005, inda ake jera tsinke huɗu a wata siffa a ce mutum ya kwaikwaya, a maimakon zane da biro. Daga baya aka tsara gwajin IDEA a gundumar Hai ta Tanzaniya, aka gwada shi a Najeriya. Tambayoyinsa shida ne, kuma irin waɗanda kowane dattijo zai ji sun shafe shi: mene ne gada, wane ne mai garinku, yau wace rana ce, lissafa mini dabbobin da ka sani cikin minti ɗaya, riƙe mini waɗannan kalmomi goma, jera mini wannan ashana. Shi kansa MoCA an yi masa sauƙaƙƙen samfuri a 2015 don waɗanda ba su yi karatu ba.

Abin da nake roƙon likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na asibitocin koyarwarmu, na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da takwarorinsu na Yamai, shi ne su haɗu su tsayar da takarda ɗaya ta Hausa wadda aka gwada a kan masu karkarwa na yankinmu, 'yan boko da 'yan allo, maza da mata, a san makin da ya dace da kowane rukuni, a raba ta ga kowane babban asibiti. Fassara a tsaye, inda kowane likita ke juya Turanci zuwa Hausa yadda ya ga dama a gaban mara lafiya, ba ta ba da sakamakon da za a kwatanta bana da baɗi. Kwatancin nan kuwa shi ne ribar awon, domin makin mutum na farko shi ne mudun da za a riƙa auna shi da shi, kuma saukarsa daga nasa matsayin ta fi faɗa mana gaskiya fiye da gwada shi da mutumin Kanada.

Akwai kuma ladabin yin gwajin, wanda babu takardar da za ta koyar. Dattijon da ya aurar da jikoki ba zai ji daɗi yaro sa'an ɗansa ya tambaye shi yau wace rana ce a gaban surukinsa ba. Zai yi shiru don kunya ko don fushi, a rubuta masa sifili. Sai an fitar da jama'a, an gaishe shi yadda ya kamata, an ce masa, "Baba, wannan awo ne da muke yi wa kowa, kamar awon jini," an tabbatar yana ji yana gani, kuma an yi shi a lokacin da maganinsa ke aiki a jiki.

Lokacin likita

Ban zargi likitan da ya ce mana tsufa ne da rashin imani ba. Na ga bencin da ke jiransa. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne ƙwarai a Najeriya da Nijar, kuma yawancinsu suna manyan birane. Amma awon minti goma ba sai ƙwararre ba. Nas ce ke auna jini da nauyi kafin a shiga wurin likita, kuma nas ɗin da aka horar za ta iya yin wannan awo a wannan zaman jiran da mara lafiya ke shafe awa uku a cikinsa. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya dama an yi shi ne don koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba gane irin waɗannan matsaloli, har da cutar mantuwa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa awon tunani sau ɗaya a shekara cikin ma'aunan kyakkyawar kulawa ga mai karkarwa. Minti goma a shekara ba shi ne zai karya asibiti ba. Idan ma hakan ya gagara, tambaya uku ga wanda ke jinyar mara lafiya ba za ta gagara ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsoron abin da dangi za su yi da sakamakon

Wannan ce hujjar da ta fi hana ni barci, kuma ba zan ce na gama da ita ba. A gidan da ake da shago da gona da mata fiye da ɗaya da 'ya'ya na ɗakuna daban-daban, takardar da ke cewa tunanin maigida ya raunana makami ce. Wani ɗa zai ɗauke ta ya karɓe makullin shago, wani ya ce kyautar da mahaifinsu ya yi wa ƙanwarsu bara ba ta inganta ba, wani ya fara kiran dattijon da sunan da ba ya faɗuwa. Limamin unguwa yana iya rasa limancinsa a kan maki biyu.

Amsata ta farko ita ce, sakamakon na mara lafiya ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan mara lafiya sirri ne, don haka a tambaye shi tun yana garau wa ya amince a gaya wa. Ta biyu, awon minti goma ba hukunci ba ne, manuniya ce kawai cewa a ƙara bincike, kuma dole ma'aikacin lafiya ya faɗi haka da bakinsa. Raunin tunani mataki-mataki ne. Mutumin da ke rikicewa a canjin kuɗi yana iya sanin sarai wanda yake so ya aurar wa 'yarsa da wanda ya amince ya riƙe masa gona.

Ta uku ita ce wadda ta fi gamsar da ni. Rashin awo ba ya hana dangi yanke hukunci, sai dai su yanke shi da ido. Cutar karkarwa tana daskarar da fuska, tana ƙanƙantar da murya, tana sa mutum ya daɗe kafin ya amsa, wani lokaci yawu ya zubo masa. Mutane da yawa masu cikakken hankali an riga an cire su daga shawarar gida saboda wannan kama, ana magana a kansu suna zaune kamar ba sa nan. Irin waɗannan awon wanke su zai yi. Wanda kuma aka ga alamar rauni a tare da shi da wuri, ya sami damar da wanda aka gano a makare ba ya samu, wato ya rubuta basussukansa da bakinsa, ya yi wasiyyarsa a gaban shaidu, ya zaɓi wakilinsa da kansa. Ayar bashi a Suratul Baƙara ta yi tanadin wanda ya raunana har ya kasa shifta, ta ce waliyyinsa ya yi a madadinsa da adalci. Adalcin nan ya fi samuwa idan mai dukiyar ne ya nuna waliyyin tun yana iya nunawa.

Game da Kawu kuwa, daga baya mun sami wata likita a wani asibitin, ta ba mu rabin awa. Ta fitar da mu ta zauna da Kawu shi kaɗai, sannan ta kira Hajiya ita kaɗai. Ta sa aka yi awon fitsari da na jini, ta hana mu tsayar da farar ƙwayar nan lokaci ɗaya domin yin hakan yana da nasa haɗarin, ta tsara yadda za a riƙa rage ta mako-mako. Rawar hannun ta ɗan ƙaru, kuma Kawu ya yi ƙorafi a kan haka. Yaran da ke zama a bakin gado sun daina zuwa tun mako na biyar. Lissafin ya dawo, amma bai dawo duka ba, kuma likitar ta gaya masa haka a gaban idonsa, ta rubuta makinsa a katinsa don a gwada da na baɗi. Shi da kansa ya kira babban ɗansa da na ɗakin amarya, ya zaunar da su tare, ya buɗe musu littafin bashi, ya ce daga yau kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci su uku za su riƙa duba shi.